Wa Zai Ƙidaya Shamuwar Gobir?

Kowane manomi a Turba, ko Isa, ko Sabon Birni, ya san ranar da ya fara ganin shamuwa a shekara. Bazara ta yi tsanani, an gama sassabe, an kai taki, kowa ya zuba ido gabas. Sai wata safiya yara su ɗaga kai su hange ta bisa kuka ko tsamiyar ƙofar gari, da kara a bakinta. Ran nan ko malalaci sai ya leƙa rumbu ya dubi irinsa, don an san ruwa ya kusa. Ba mai jifarta, ba mai taɓa ƙwanta. Baƙuwa ce mai daraja tun kaka da kakanni.

To, jama'a, ga tambaya. Sheƙar shamuwa nawa aka yi a garinku bara? Nawa aka yi shekara 20 da suka wuce? In ka tambayi dattawa biyu, wannan ya ce ta ragu, wancan ya ce tana nan yadda take. A yi ta gardama har a kira la'asar, ba mai takardar da zai fitar ya raba su. Abin kuwa ya wuce hira, gama tsuntsuwar nan ma'aikaciyar gona ce, ita da waɗansu 'yan'uwanta. In suka ragu, rumbu ne zai fara ji. Saboda haka makon nan za mu dubi abin da masana suka gano game da su, da irin mutanen da ke wannan aiki, da ƙofar da 'ya'yanmu za su bi su shiga cikinsa.

'YAR ƘODAGO BA LADA

Ku manoman gero kun san fara. Ban da farar ɗango mai zuwa daga hamada ta rufe rana, kamar wadda ta yi ɓarna a 1988 da 2004, akwai ƙaramar nan ta gida, wadda masana suka laƙaba wa sunan ƙasar Senegal. Ita wannan a cikin ƙasa take saka ƙwai, ƙwan ya kwana nan rani duka. Da an yi ruwan shuka ya jiƙa ƙasa sai ya ƙyanƙyashe, daidai lokacin da gero ke tsirowa. Ta ci tsiron, manomi ya sake shuka. Da kaka kuma ta komo ta sami gero yana madara, ta gaigaye zangarniya. A 1986, bayan ruwa ya dawo daga babban fari, farar nan ta yi yawan da sai da aka yi ta feshi da jiragen sama tun daga Senegal har Chadi.

Shamuwa kuwa tare da ruwan nan take isowa. Ta yi sheƙa a cikin gari, ta yi ta jigilar fara da kwaɗi da sauran ƙwari ga 'ya'yanta. In sun tashi, sai a tattaru garke-garke a bi fara inda ta yi yawa. Waɗansu masana na ƙasar Danmak sun zauna a kudancin Nijar sun auna wannan duka. Har suka ɗaura wa waɗansu shamuwoyi 'yar na'ura a gadon baya, mai aika saƙo ga tauraron ɗan'adam, suka bi sawunsu bayan damina har ƙasar Tanzaniya. A 2006 suka buga labarin. Ashe shamuwar da ke bisa tsamiyarka ta fi fataken da nisan tafiya.

In ta tafi da kaka, sai waɗansu su karɓi aikin. Akwai wani irin shaho mai launin toka da ke hayayyafa a Turai, ya ƙetare hamada ya yi rani a ƙasashenmu, yana shawagi ƙasa-ƙasa bisa saura yana tsintar fara. Masana na ƙasar Holan sun bi sawunsa shi ma har Nijar. Ga kuma balbela, ga shirwa. Duk farar da suka ci, ƙwanta ba zai kwana a gonarka ba.

Sanin wannan shi ya sa aka shiga neman maganin fara wanda ba zai kashe tsuntsu ba, don maganin feshi mai ƙarfi ba ya tambayar wa ya ci. Daga 1989 zuwa 2002 masana na ƙasashe da dama, har da na cibiyar IITA da ke Kwatano, suka yi aiki kan wani irin fumfuna mai kama fara kaɗai. Aka jarraba shi a Nijar, aka sa masa suna Green Muscle. Yana ɗaukar mako ɗaya zuwa uku kafin ya kashe fara, amma tsuntsun da ya ci ta ba abin da zai same shi.

INA UNGULU?

Wanda ya haura shekara 50 zai tuna yadda mahauta take ran kasuwa. Ungulu bisa katanga, ungulu bisa rumfa, sai an kora ta da sanda. Yau fa? Yaro na iya girma yana jin karin maganar ungulu da kan zabo, bai taɓa ganin mai maganar ba.

Wani Bafaranshe mai suna Jean-Marc Thiollay ya bi hanyoyin mota na Burkina Faso da Mali da Nijar tsakanin 1969 da 1973, yana rubuta kowace ungulu da shaho da gaggafa da ya gani. Bayan shekara 30, watau a 2003 da 2004, ya komo ya bi hanyoyin nan dai, ya sake ƙirga. Ya tarar manyan ungulayen daji sun ragu da kashi 98 cikin 100 a wuraren da ba gandun daji ba, ta cikin gari kuwa ta ragu kusan rabi. A 2015 ƙungiyar IUCN, mai lura da halittun duniya, ta sa ungulun gari cikin jerin waɗanda ke bakin ƙarewa. Manyan dalilai su ne guba da ake zubawa a mushe, da kamun da ake yi mata ana sayar da sassanta ga masu tsibbu.

Wani zai ce to, ina ruwan manomi da ƙazamar tsuntsuwa? Mutanen Indiya sun ga amsa. A can wani maganin ciwon jiki da ake yi wa shanu allurarsa, mai suna diclofenac, ya kashe musu ungulu fiye da kashi 95 cikin 100 kafin a hana shi a 2006. Mushe ya yi ta ruɓewa a fili, ruwan sha ya ɓaci, karnukan da ba su da masu su suka yawaita. Waɗansu masana da suka yi lissafi a 2024 sun ƙiyasta mutanen da suka mutu sanadin haka tsakanin 2000 da 2005 sun kai dubu 500. Ashe duba-gari ce da ba ta karɓar albashi.

Ku lura da abu guda. Da mutumin nan bai rubuta abin da ya gani a 1969 ba, da ba abin da zai gwada na 2003 da shi.

ZAMANI YA JUYA

Ƙasar ma kanta ba ta tsaya yadda take ba. Farin 1973 da na 1984 sun kashe dabbobi da itatuwa, sun kori mutane daga garuruwansu. Abin mamaki, tsuntsu ya riga mutane da yawa ba da labari. Akwai wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro, kusan girman jan baki, da ke yin rani a ƙasashenmu ya koma Ingila ya yi ƙwai. A 1969 masu ƙirgar tsuntsaye na Ingila suka ga wajen kashi uku cikin huɗu ba su komo ba. Da aka bi diddigi sai aka tarar ƙarancin ruwan 1968 a bakin hamada ne ya gama da su. Shekara huɗu ke nan kafin duniya ta ji kukan 1973.

Daga shekarun 1990 ruwa ya ɗan dawo, amma da sabon hali. A 2017 masana suka duba hotunan tauraron ɗan'adam na shekara 35, suka ga manyan hadura masu zubar da ruwa lokaci guda sun ninka uku a yankin Sahel tun daga 1982. Mutanen bakin gulbin Rima ba su manta da ambaliyar 2010 ba, wadda ta ci gonaki da gidaje a Goronyo, ta karya gadar jami'a a Sakkwato. Har wa yau an datse ruwa a Goronyo tun 1984, an kuma datse gulbin Maraɗi a Jibiya, shi da ke gangarowa ya faɗa Rima a ƙasar Sabon Birni. Duk wannan yana taɓa fadama, da kifi, da dinya, da kirinjijiya. Gauraka ma, da ake ce wa tsuntsun ƙasa a Nijeriya, ganinta yau sai an sha wuya.

AMFANIN ƘIDAYA

Kada mai karatu ya ce ƙirgar abin da ke ƙarewa aikin banza ne. Dubi raƙumin dawa. A 1996 aka ƙirga irin na Afirka ta Yamma, aka sami 49 kacal, dukansu a wajen Kure, gabas da Yamai. Masana suka ɗauki hoton kowane ɗaya, don zanen jikin wani ba ya zama ɗaya da na wani. Suka san inda suke kiwo da rani da damina, da lokacin da suke shiga gonakin wake. Gwamnatin Nijar ta tsananta hana farautarsu, ƙungiyoyi suka taimaki ƙauyukan da rijiyoyi da rance. A 2017 sun haura 600. A watan Nuwamba na 2018 aka ɗauki 8 a mota, tafiyar kilomita 800 da wani abu, aka sake su a gandun dajin Gadabeji da ke arewa da Dakwaro a jihar Maraɗi, inda aka yi kusan shekara 50 ba a ga ko ɗaya ba.

Dubi kuma itatuwan Maraɗi. A 1983 wani mutumin Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya lura kututturan da ke cikin gonaki suna da rai, toho kawai ake sarewa kowace shekara. Ya shawarci manoma su bar reshe biyu uku su girma, abin da aka sa wa suna sassaben zamani. Manoma suka yi ta koya wa juna. Bayan shekara 20 masana suka gwada tsofaffin hotunan sama da sababbi, suka ƙiyasta hekta miliyan 5 sun farfaɗo a Maraɗi da Damagaram, da itace wajen miliyan 200. Manoma suka yi aikin, ƙidaya ta sa duniya ta yarda. Inda gawo ya tsaya kuwa, gero ya sami taki, tsuntsu ya sami masauki.

Abin lura shi ne, binciken da muka ambata duk a hayin iyaka aka yi shi. Alhali Tsibiri da Sabon Birni Gobir ɗaya ce, shamuwa kuwa ba ta san shingen kwastan ba.

GANDU DA GAYAUNA

To, su wane ne masu wannan aiki? Yaro zai yi digiri na farko a ilmin dabbobi, ko na tsirrai, ko na gandun daji, shekara 4 ko 5. Ya yi na biyu, shekara ɗaya ko biyu. Sa'an nan na uku, shekara 3 ko fiye, a kira shi Dakta. Mutanenmu da yawa suna zaton nan hanya ta ƙare. A'a, akwai sauran zango guda, watau aikin bincike na bayan digiri na uku.

Misalinsa a gona yake. Saurayi yana aikin gandu, abin da uba ya ce shi za a shuka. In ya kawo ƙarfi sai a yanka masa gayauna, wadda a wajen Maraɗi ake kira gamana. Yana nan dai ƙarƙashin maigida, amma shi ke zaɓen iri, amfanin kuma nasa ne. Haka sabon Dakta zai je wurin wani babban malami, sau da yawa a wata jami'a ko wata ƙasa, ya yi shekara ɗaya zuwa uku. Ba jarrabawa, albashi ake biyansa. Aikinsa ya ɗauki tambaya guda ya bi ta har ƙarshe, ya rubuta abin da ya gano sauran masana su tantance. A nan ake koyon ɗaura wa tsuntsu na'ura, da karanta hoton tauraron ɗan'adam, da lissafin da ke raba gaskiya da zato. A nan kuma ake koyon neman kuɗin bincike da jan ragamar ƙananan ɗalibai. Wanda ya gama wannan shi ke iya kafa nasa gandun.

ƘOFOFIN DA AKE SHIGA

Ƙofar farko tana gida. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, wadda aka kafa a 1975, tana koyar da ilmin halittu da na gandun daji. Jami'ar Bayero ta Kano tana da cibiyar noman ƙasashe masu ƙarancin ruwa. A Laminga kusa da Jos akwai cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis, wadda ake kira APLORI, ƙarƙashin Jami'ar Jos. Tun farkon shekarun 2000 take yaye masu digiri na biyu a ilmin kiyaye halittu. A hayi kuma ga Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo ta Maraɗi, ga cibiyar AGRHYMET a Yamai, mai lura da ruwan sama da fara tun 1974. Wanda ya ƙara da Faransanci ya buɗe wa kansa rumbun takardun maƙwabta.

Ga wanda ya riga ya zama Dakta, Gidauniyar Alexander von Humboldt ta Jamus tana da tallafi mai sunan Georg Forster, na masanan ƙasashe masu tasowa. Wanda bai wuce shekara 4 da gama digirinsa ba yana iya samun zama na wata 6 zuwa 24 a Jamus. Akwai TWAS, ƙungiyar masana kimiyya da Abdus Salam na Pakistan ya kafa a 1983 a birnin Trieste na Italiya, wadda ke tura sababbin masana daga wata ƙasa mai tasowa zuwa wata. Jami'ar Cape Town a Afirka ta Kudu tana da cibiyar FitzPatrick ta ilmin tsuntsayen Afirka, wadda ke ɗaukar irin waɗannan ma'aikata. Gidauniyar Rufford ta Ingila tana ba da ƙananan kuɗi na aikin fili. A gida kuma malaman jami'o'in gwamnati suna neman kuɗin bincike daga asusun TETFund.

Abin da masu tallafin zama a waje ke nema kusan iri ɗaya ne: shaidar digiri, da takardun da mutum ya buga a mujallun masana, da tsarin binciken da zai yi, da babban malamin da ya yarda ya zama mai masaukinsa. A fara rubuta wa mai masauki da wuri, wata da watanni kafin a cika takarda. A kuma yi hattara da 'yan damfara, don Humboldt da TWAS ba su karɓar kuɗin cika takarda.

Jarin ɗan Gobir a wannan kasuwa shi ne tambayar da ya taho da ita daga gida, gama mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Shin har yanzu zuwan shamuwa yana dacewa da ruwan shuka, ko sun fara saɓawa? Me datse gulabe ya yi wa tsuntsayen fadama? A ina jan baki ke kwana kafin ya faɗa wa dawa da shinkafa? Garin da mutane suka tashi suka bari, shamuwa tana komawa ta yi sheƙa a cikinsa?

ABIN DA MANOMI ZAI YI BANA

Ba za mu ɓoye ba, shekarun nan ƙasar Isa da Sabon Birni tana cikin wahalar 'yan bindiga. Gonaki da yawa sun kwana ba a noma ba, mutane sun yi gudun hijira. Dajin Gundumi, wanda Bature Barth ya ratsa a 1853 dare da rana ba zango don tsoron mahara, ya sake zama abin tsoro. Ba wanda zai ce wa ɗan wani ya rataya tabarau ya shiga daji. Amma shamuwa a cikin gari take sheƙa, ungulu kuma a mahauta take sauka. Ana iya ƙirga su daga ƙofar gida.

Saboda haka ga shawara. Kowane gari a sami mutum guda, malamin makaranta ko malamin gona ko wani ɗalibi, ya sayi littafi na rubutu. Da boko ko da ajami, duk ɗaya ne. Ya rubuta ranar da aka fara ganin shamuwa, da ranar ruwan shuka. Ya ƙirga sheƙa, ya faɗi irin itacen da kowace take. Ya rubuta 'ya'ya nawa suka tashi, da ranar da aka daina ganinsu. Ran kasuwa ya leƙa mahauta, ko ungulu ɗaya bai gani ba ya rubuta bai gani ba, don wannan ma labari ne. Ya zauna da tsofaffin maharba da makiyaya ya rubuta inda suka yi wa barewa da gauraka ganin ƙarshe, tun suna da rai. Masu wayar zamani kuma su sani tun 2015 ake aikin taswirar tsuntsayen Nijeriya daga APLORI. An yanka ƙasar gida-gida, gefen kowane gida wajen kilomita 9, kowa yana iya aika sunayen tsuntsayen da ya gani a nasa.

Ban da rubutu, a bar itacen da ke da sheƙa, ko da ana bukatar makamashi. Kada a zuba guba a mushe don kare ko dila, gama ungulu ce za ta riga su. In za a yi feshi a nemi shawarar malamin gona, kuma farar da aka fesa kada a soya ta a kai kasuwa. Uban da ɗansa ya ce zai karanci tsuntsaye kada ya yi masa dariya, aikin gona ne ya biyo ta wata hanya.

Littafin shekara ɗaya ba zai faɗi kome ba. Na shekara 10 kuwa, in ɗan Turba ya ɗauke shi ya kai Jos ko Jamus, ba malamin da zai ƙi sauraronsa. Sannu ba ta hana zuwa. Allah ya kawo mana zaman lafiya, ya mai da kowa gonarsa, ya ba mu damina mai albarka, amin.